Daga Sifana Zuwa Wayar Hannu: Yadda Fasaha Ke Sauya Harkar Mota A Birnin Kudu Da Gwaram

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Birnin Kudu zuwa Kano, ko daga Gwaram zuwa Dutse, ya san wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa da ke ci a gaban direba, mai siffar inji. A motoci da yawa ta daɗe tana ci har direba ya daina ganin ta. Wasu ma sun liƙe ta da baƙin salatif don kada ta dame su da dare. Amma wannan fitila saƙo ne daga kwamfutar da ke cikin motar, tana cewa ta ga matsala kuma ta rubuta ta ta ajiye. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wayar da ke aljihun fasinjan da ke kujerar baya za ta iya karanta wannan saƙo cikin minti biyu.

Titin da ya taso daga Kano ta Wudil, ya ratsa Birnin Kudu ya nufi ƙasar Bauchi, titi ne da ba ya hutawa. A kansa ake jigilar marasa lafiya zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, a kansa ake ɗaukar hatsi da dabbobi zuwa kasuwar Sara a ƙaramar hukumar Gwaram, a kansa kuma direbobi da kwandastoci da 'yan kamasho da masu faci da makanikai suke samun na tuwo. To motar da dukkan waɗannan mutane suka dogara da ita tana sauyawa, kuma sauyin ya zo ta fuska uku a lokaci guda: yadda ake ƙera ta, yadda ake sayen ta, da abin da take sha.

Daga Fijo zuwa 'yar Kwatano

Iyayen matasan yau sun taso ne a zamanin Peugeot, wadda kowa ke kira Fijo. A shekarar 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma daga nan samfurin 404 da 504 suka cika tashoshin Arewa. A wancan zamani akwai kamfanin Steyr a Bauchi, da na manyan motocin Fiat a Kano, da Volkswagen a Legas. Motocin lokacin kusan ƙarfe ne zalla. Kabireta ce ke haɗa mai da iska, kuma bakanike mai kunne yana iya saita ta da sukundireba yana sauraren ƙarar inji. Yaron da ya yi 'yan shekaru a gareji yana wanke notuna zai iya kwance injin Fijo ya mayar da shi ba tare da ya taɓa buɗe littafi ba.

Bayan darajar naira ta karye daga shekarar 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, kamfanonin harhaɗawa suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, sai motocin gwanjo daga Turai suka maye gurbinsu. Yawancinsu ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin suke shigowa, shi ya sa har yau ake cewa mota 'yar Kwatano ko Beljiyam. Daga nan ne Golf da Sharan, wadda direbobi ke kira Sharon, da bas ɗin Toyota Hiace suka zama motocin haya na wannan yanki. Daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashoshin ruwan Najeriya. Wannan ya karkatar da cinikin zuwa Legas, kuma motocin da ake saya daga wuraren gwanjon Amurka suka ƙara yawa.

Abin lura shi ne, duk motar da ta iso Birnin Kudu yau, an ƙera ta ne shekaru da dama da suka wuce domin wata ƙasa mai wasu dokoki. Saboda haka duk wata fasaha da aka tilasta wa kamfanoni a Amurka ko Turai, ko ba daɗe ko ba jima sai ta iso garejin bakin titi a Jigawa, ko makanikin ya shirya mata ko bai shirya ba.

Motar da ke magana da waya

A motar zamani babu kabireta. Akwai kwamfuta, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, tana karɓar bayanai daga 'yan na'urorin awo da ake kira sensa: wata tana auna iskar da ke shiga inji, wata zafin ruwa, wata juyawar inji, wata kuma tana cikin salansa tana shinshinar hayaƙi don gane ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Da waɗannan bayanai kwamfutar ke yanke shawarar yawan man da injekta za ta fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta, sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa.

Domin rage gurɓatar iska, Amurka ta wajabta cewa duk ƙaramar motar da za a sayar a ƙasar daga samfurin 1996 ta zo da tsarin da ake kira OBD-II. Tarayyar Turai ta bi sahu, motocin fetur daga 2001, na dizal daga 2004. Tsarin ya tanadi soket iri ɗaya mai ramuka 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, da jerin lambobin matsala da kowace na'ura za ta iya karantawa. Ma'ana, yadda kebul ɗaya ke cajin wayoyi daban-daban, haka na'ura ɗaya za ta iya tambayar Corolla da Accord da Sienna abin da ke damun su.

Mafi araha a cikin na'urorin ita ce 'yar ƙaramar nan da ake kira ELM327, wadda ba ta fi akwatin ashana girma ba. Ana soka ta a soket ɗin, a kunna makulli, a haɗa ta da waya ta Bluetooth, sannan a buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner. Nan take allon waya zai nuna lambobi. Harafin farko yana faɗin ɓangaren da matsalar take: P na inji da giya, B na jikin mota, C na ƙafafu da birki, U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Misali, P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙone mai daidai. P0300 na nufin matsalar tana yawo tsakanin silindoji. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai. P0420 kuma na nufin abin tace hayaƙin nan da ke cikin salansa, wanda 'yan gareji ke kira indomi, ba ya aiki yadda ya kamata, ko kuma an riga an cire shi. Ana yawan cire shi ne saboda a cikinsa akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam da rodiyam.

Sai dai ba kowace mota ce za ta amsa ba. Tsofaffin motocin Turai da aka ƙera kafin dokar, irin Golf ta farkon shekarun 1990, suna iya zuwa da soket amma suna magana da yaren kamfaninsu, sai da manhaja ta musamman irin VCDS ta motocin Volkswagen. Haka kuma ƙaramar na'urar galibi inji kawai take gani. Matsalar birkin ABS ko jakar iska ko saita sabon makulli tana buƙatar babbar na'ura irin ta kamfanonin Launch da Autel, ko manhajar kamfanin motar kansa, kamar Techstream ta Toyota. Yawancin ELM327 da ke kasuwa kwaikwayo ne, wasu suna aiki, wasu kuma suna katsewa ko su ƙi haɗuwa da motar sam.

Abin da na'ura ba ta faɗa

A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi. Lambar matsala ba ta cewa ga abin da ya lalace, tana faɗin abin da kwamfuta ta lura da shi ne kawai. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san cewa saƙon kuskure yana nuna inda shiri ya tsaya ne, ba lallai inda aka yi kuskuren ba. Haka abin yake a mota.

A ɗauki P0171. Wanda bai ƙware ba zai ga lambar ya ce a sayo sabuwar sensa daga Kofar Ruwa a Kano. A kashe kuɗin mota da na kaya, a saka, bayan kwana biyu fitila ta dawo. Alhali matsalar tana iya kasancewa tiyo ne ya tsage yana shan iska, ko famfon mai ya yi rauni, ko matatar mai ta toshe, ko kuma ƙurar hunturu ce ta rufe sensar iska, wadda goge ta kawai ya isa. Wanda ya iya aiki ba ya tsayawa kan lambar. Zai duba bayanan da ke gudana yayin da inji ke aiki, ya ga yawan man da kwamfuta ke ƙarawa don cike gurbi. Idan ƙarin yana da yawa lokacin da mota ke tsaye amma ya ragu idan an taka totur, alama ce ta iska na shiga ta wani wuri. Idan kuma yana ƙaruwa ne yayin da aka taka totur, sai a zargi famfo ko matata.

Akwai kuma al'adar goge lamba. Kowace manhaja tana da maɓallin gogewa, kuma da an danna shi fitila za ta mutu. Mai mota ya biya ya tafi yana murna, alhali ba a gyara komai ba, an share rubutun ne kawai. Wannan daidai yake da share saƙon da ke cewa ma'ajiyar waya ta cika ba tare da an cire ko hoto ɗaya ba.

Shi ya sa tsohon bakanike bai zama tarihi ba. Shi ya san ƙarar bori da ya ci, ya san warin kuloci da ya ƙone, ya san abin da ramukan hanyar Basirka ke yi wa ƙafar mota da damina. Babu sensa da ke auna waɗannan. Abin da ya rasa shi ne karatun allon, wanda kusan duka da Turanci yake. Yaron da ya gama sakandare kuma yana da karatun amma bai san inji ba. Garejin da ya haɗa mutanen nan biyu shi ne zai riƙe kwastomomi. Wanda ya ƙi kuwa, zai ci gaba da kallon masu sababbin motoci suna wuce shi suna tafiya Dutse ko Kano saboda gyaran da ba zai ɗauki awa ɗaya ba.

Kasuwar mota ta koma cikin waya

A da, mai son sayen mota a Gwaram sai ya nemi dillali, su ɗunguma zuwa Kano da bakanike, a zaga a duba, a yi ciniki, a biya la'ada. Yanzu cinikin yakan fara ne daga hoto a WhatsApp ko bidiyo a TikTok da Facebook, ko talla a Jiji, wanda ya sayi kamfanin Cars45 a 2021. Biyan kuɗi ma ya koma tiransifa, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da har direbobin tasha suka koyi karɓar kuɗin mota ta OPay da Moniepoint.

Sauƙin ya zo da nasa haɗarin. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, kuma motar da aka gani a hoto kawai biri ce a sama. Akwai masu ɗauko hoton motar wani su saka farashi mai rahusa, su nemi a turo kafin alƙalami, daga nan lambar ta daina shiga. Akwai kuma motocin da suka yi mummunan haɗari ko ambaliya ta shanye su a Amurka, kamfanin inshora ya sallama su, aka sayar a gwanjon Copart ko IAA, aka gyara jiki aka fesa fenti. Motar da ruwa ya shanye ta fi haɗari, domin tsatsa tana cin wayoyi da kwamfutocinta a hankali, sai bayan watanni matsaloli su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Makamin mai saye shi ne lambar jikin mota, wato VIN. Tun daga 1981 lambar tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma babu harafin I ko O ko Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. Ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Harafin farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J Japan, W Jamus, 1 da 4 da 5 Amurka, 2 Kanada. A motocin kasuwar Amurka, harafi na goma yana nuna shekarar samfuri, misali 8 na nufin 2008, A kuma 2010. Da wannan kaɗai za a iya kama motar da aka sauya wa fitilu da bamba aka ce sabuwar fita ce. Tun 2022 ma hukumar Kwastam da wannan lamba take ƙiyasta harajin motocin da aka shigo da su.

Kafin ka biya kuɗi, ga abubuwan da wayarka za ta iya yi maka:

1. Rubuta lambar VIN a Google. Sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo suna nan a intanet, da irin raunin da ta ji da kuma adadin tafiyar da agogonta ya nuna a lokacin. Idan agogon yau ya nuna ƙasa da na hoton, an mayar da shi baya.

2. Duba lambar a shafin VINCheck na hukumar NICB ta Amurka, kyauta ne, yana nuna ko an ba da rahoton sace motar ko sallama ta. Cikakken tarihi irin na Carfax kuwa sai an biya.

3. Murɗa makulli ba tare da ta da inji ba. Fitilar inji da ta jakar iska da ta ABS dole su kama, sannan su mutu bayan mota ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ne.

4. Soka na'urar OBD ka duba gwaje-gwajen da kwamfutar motar ke yi wa kanta. Idan yawancinsu sun nuna ba a kammala ba, to ba a daɗe da goge lambobi ko cire batir ba. Ka nemi a yi tafiya mai ɗan nisa sannan a sake dubawa.

5. Tabbatar da inshora a shafin askniid.org da lambar motar. Tun Janairun 2023 inshorar dole ta ƙananan motocin gida ta tashi daga N5,000 zuwa N15,000, kuma takardun bogi suna da yawa.

Duk da haka, kada waya ta hana ka zuwa da bakanike. Na'ura ba ta leƙa ƙarƙashin mota ta ga walda a shasi.

Lissafin mai ya sauya komai

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da N200 a farashin gwamnati ta haura N500 cikin kwanaki, ta kai N617 a watan Yuli, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce N1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da ke wajen N460 a farashin hukuma ta haura N1,500 a farkon 2024. Tunda mota da kayan gyaranta da dala ake shigo da su, farashinsu ya bi ta. Mutane da yawa suka haƙura da 'yar Kwatano suka koma sayen wadda aka riga aka yi amfani da ita a gida, wasu suka ajiye mota suka hau babur.

Ga misali don a ga yadda wannan ya shafi 'yar fitilar nan. A ce direba yana yin tafiyar kilomita 250 zuwa da dawowa, motarsa tana shan lita 10 a kowace kilomita 100. Lita 25 ke nan. A kan N195 kuɗin mai N4,875 ne, a kan N1,000 kuma N25,000. Yanzu a ce sensar salansa ta mutu, kwamfuta ta koma fesa mai da ka, shan ya ƙaru da lita 2 a kowace kilomita 100. Lita 5 ke nan a kowace tafiya. A da asarar ba ta kai N1,000 ba, direba zai iya kawar da kai. A kan N1,000 kuwa N5,000 ce, kuma idan yana yin tafiya 20 a wata, N100,000 ta bi hayaƙi. Salatif ɗin da aka liƙa a kan fitila ya zama mafi tsadar abu a cikin motar.

Masu motocin haya ma sun fara sa ido ta waya. Na'urar bibiya mai ɗauke da layin waya tana nuna wa mai mota inda take da nisan da ta yi a rana, wasu ma ana iya kashe inji da saƙon tes idan an sace ta. Wannan ya rage gardama tsakanin mai mota da direba kan balas, amma yana da sharaɗi: inda babu sabis, na'urar ba ta iya aiko da komai sai ta dawo inda yake, kuma wanda ya haɗa ta ba da ƙwarewa ba yana iya jawo wa wayoyin mota matsala ko ta riƙa shanye batir.

Gas da lantarki: ina aka kwana?

Amsar da gwamnatin tarayya ta bayar ga tsadar fetur ita ce iskar gas ta CNG, ƙarƙashin shirin da ta ƙaddamar a 2023. Ana saka wa mota tukunya da na'urar rage matsi, ta riƙa aiki da gas ko fetur. Gas ya fi araha, amma amfaninsa ya dogara da kusancin gidan da ake sayar da shi. Direban Gwaram da zai ƙona mai mai yawa kafin ya isa inda zai cika tukunya, ribarsa ta tafi a hanya. Fatan Arewa ya rataya ne a kan bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020.

A nan akwai gargaɗin da ya shafi rai. CNG ba gas ɗin girki ba ne. Ana matse shi da ƙarfin da ya kai ba 200, ninki da yawa na abin da tukunyar girki za ta iya ɗauka. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da gas a birnin Benin saboda tukunyar da aka saka mata haɗin walda ce. Araha ba ta ado, kuma wannan aiki ba na kowane mai walda ba ne.

A duniya kuwa, akalar tana karkata ne zuwa lantarki. A 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17, wato fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar. Kamfanin BYD na Sin ya daina ƙera mota mai amfani da fetur zalla tun 2022, kuma a 2024 Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal. Arewa ma ba a bar ta a baya ba. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa daga 2017, kuma a zamaninsa aka buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas yana mayar da su masu batir.

To yaushe za ta iso Birnin Kudu? Lissafi zai taimaka. Batirin Hyundai Kona, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 2020, yana ɗaukar kilowat-awa 64. Batirin waya mai 5,000mAh bai kai wat-awa 20 ba. Cika motar sau ɗaya daidai yake da cajin waya fiye da 3,000. Ƙaramar motar lantarki tana cin wajen kilowat-awa 15 a kilomita 100, faifan sola mai wat 300 kuma yana ba da kusan ɗaya da rabi a rana mai kyau. Ke nan ana buƙatar faifai kusan goma don tafiyar kilomita 100 kullum. A yankin da masu shagon caji ke rayuwa saboda wutar KEDCO ba ta da tabbas, motar lantarki mai dogon zango ba ta kusa ba. Abin da ya fi kusa shi ne babur da adaidaita sahu masu batir, waɗanda ke zirga-zirga a cikin gari su kwana wuri ɗaya, da kuma motoci masu haɗa fetur da batir irin Prius, waɗanda ba sa buƙatar caji daga waje kuma tuni suna cikin kasuwar gwanjo. Batirinsu yana ɗauke da wutar da ta haura bolt 200, kuma wayoyin da aka rufe da roba mai ruwan lemo ba abin taɓawa ba ne ga wanda bai koya ba.

Wa zai riƙe makullin?

Akwai wata tambaya da ke tafe a baya. Yayin da mota ke zama manhaja, kamfanoni suna samun ikon kulle ta. A 2022 BMW ya gwada karɓar kuɗin wata-wata a wasu ƙasashe kafin ya kunna wa mai mota na'urar ɗumama kujera da ke cikin motarsa tun daga masana'anta, sai da jama'a suka yi ca sannan ya janye a 2023. A jihar Massachusetts ta Amurka sai da aka kafa doka a 2012, aka faɗaɗa ta a 2020, don tilasta wa kamfanoni su bai wa makanikai masu zaman kansu bayanan gyara. Motocin da ake wannan rigima a kansu yau su ne za su zo tashar Birnin Kudu nan da shekara goma ko sha biyar, kuma babu wakilin kamfani a kusa da zai buɗe su.

Ga matashin da ke riƙe da waya yana neman sana'a, wannan gurbi ne a buɗe. Jarin farko bai wuce na'urar OBD da mitar auna wuta da data ba. Sai a koyi tushen lantarki, wato bolt da amfiya da juriya, a koyi karanta zanen wayoyin mota, wanda darussansa suna nan birjik a YouTube. Amma karatun waya kaɗai ba ya isa. Dole a durƙusa a gaban mai gareji a koyi inji da hannu, a sha baƙin mai, a kuma girmama wanda ya riga ka. Yana da kyau a riƙa rubuta kowace mota da aka duba: lambar da ta nuna, abin da aka zata, da abin da aka tarar a ƙarshe. Bayan shekara guda wannan littafi zai fi kowace manhaja sanin cututtukan motocin da ke bin hanyar Gwaram.

Ga mai mota kuma, abin da ake nema kaɗan ne. Idan fitilar ta kama ta tsaya, a duba ta cikin 'yan kwanaki. Idan tana ƙiftawa, inji yana zubar da ɗanyen mai cikin salansa ne, a rage gudu a nemi gyara nan take. Sannan duk wanda ya soka na'ura a motarka, ka ce ya nuna maka lambar, ka ɗauki hotonta da wayarka kafin ya goge.